Ƙidayar namun daji a Termit: wa ke kisa, wa ke shan hukunci?

A watan Maris na 2016 masu bincike sun shiga hamadar Termit da Tin Tumma da ke gabashin Jamhuriyar Nijar domin ƙidayar adaks, wata farar dabba dangin barewa mai murɗaɗɗen ƙaho. Jirgin sama ya yi shawagin sama da kilomita 3,200 bai hango ko ɗaya ba, su kuwa waɗanda suka bi ta ƙasa guda 3 kacal suka gani, alhali a 2010 an ƙiyasta sun kai 200.

To abin tambaya a nan shi ne, ko wannan adadi abin dogaro ne? Gandun da gwamnati ta keɓe a 2012 ya kai murabba'in kilomita dubu 97, kuma adaks ba ta zama wuri ɗaya, inda ciyawa ta tsiro can take dosa, har cikin ƙasar Chadi. Saboda haka 3 ɗin nan abin da ido ya gani ne kawai. Amma duk da haka, faɗowa daga 200 zuwa abin da bai cika yatsun hannu ba ya isa shaida cewa dabbar tana bakin ƙarewa.

Sai dai ƙidaya ba ta faɗin wanda ya yi kisa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗora alhakin a kan aikin man fetur na kamfanin CNPC na China da kuma farautar da sojojin da ke gadinsa ke yi. A 2019 ma gwamnati ta sauya iyakar gandun, ta fitar da yankin da ake aikin man. Shi kuwa maharbin ƙauye mai tarko da bindigar toka, shi ne ma'aikatan gandun daji ke saurin cim ma, tunda ba shi da mai tsaya masa.

'Yan kasuwarmu na kan iyaka su sani, adaks na cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES, wato an haramta cinikin ƙahonta ko fatarta tsakanin ƙasashe, kuma duk wanda 'yan duwan ko kwastan suka kama da su, musun alƙaluman masu bincike ba zai fishe shi ba.

Ya kamata hukuma ta riƙa sanya maharba da makiyaya cikin ƙidaya, domin su suka san sawu da makiyayar dabba, sannan doka ta hau kan mai mota kamar yadda take hawa kan mai tarko.