Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: A Kan Ajiyar Waƙoƙinmu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samarinmu, daga Mallawa har Dungas da Magarya, musamman waɗanda suka ɗan leƙa birni suka dawo da babbar waya. Da zarar sun ga mutum yana tattalin kaset ko yana jera waƙoƙi a kwamfuta sai su ce: "Malam, kana wahalar da kanka, ai komai yana kan intanet." Wannan magana ƙarya ce, ko da mai faɗinta bai yi nufin ƙarya ba, kuma idan muka ci gaba da gaskata ta, nan da shekara ashirin jikokinmu za su nemi muryoyin makaɗan ƙasar Damagaram su rasa, alhali mu ne muka riƙe su a hannu muka sake.

Mu fara da "komai" ɗin. Gaskiya ne in ka nemi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko Musa Ɗanƙwairo, ko Ɗanmaraya Jos da ya rasu a 2015, za ka samu da yawa, ko da yake sau tari an rubuta sunan waƙar ba daidai ba, ko an gutsure ƙarshenta. To nemi Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, ka kwatanta abin da ka samu da abin da dattawan Zinder ke iya lissafa maka da ka. Daga nan ka nemi makaɗin noman garinku, ko zabiyar da ta yi waƙa a bikin mahaifiyarka, ko mai kalangun da ke raka mahauta ranar kasuwa. Babu su. Ba a taɓa ɗora su ba, kuma babu wani kamfani a Legas ko Amurka da ke kwana da tunaninsu. Inda suke shi ne cikin tsofaffin kaset a ƙarƙashin gado, da katin memori na wani direba, da kwamfutar mai shagon turi. Na sha tambayar ɗalibaina sunayen makaɗan yankinmu, su yi tsit, amma in ka ambaci mawaƙan finafinan Kano sai aji ya ɗauka baki ɗaya. Ban ga laifin yaran ba, abin da aka zuba musu a waya shi suka sani.

Ko abin da aka ɗora ɗin ma, wa ya ce zai tabbata? A 2019 kamfanin Myspace ya fito ya ce waƙoƙin da mutane suka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta yayin da yake sauya na'urorin ajiyarsa, kimanin waƙa miliyan 50. Google, da duk girmansa, ya rufe Google Play Music a ƙarshen 2020. A ƙarshen 2024 kamfanin Sony ya janye waƙoƙinsa daga Boomplay, manhajar nan da ke zuwa cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, masu sauraro suka wayi gari jerin waƙoƙinsu ya yi giɓi ba tare da an shawarce su ba. Wanda ke biyan kuɗin wata-wata a irin waɗannan wurare haya yake yi. Ranar da mai gida ya so, sai ya fitar da shi.

Sannan mu a nan muna da namu dalilan da Bature bai san su ba. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairun 2021, an yanke intanet na wayoyin hannu a Nijar kimanin kwana goma. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take ba mu, ciki har da layin Katsina zuwa Gazawa da ke ciyar da Maraɗi da Zinder, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Ko a ranar da babu rikicin komai, mazaunin ƙauyukan kan iyaka ya san yadda ake hawa tudu ana ɗaga waya sama ana neman rezo. Ga kuma lissafin kuɗi: waƙa mai matsakaicin kyawun sauti tana cin kusan mega ɗaya a kowane minti. Waƙar minti 20, irin dogayen waƙoƙin makaɗan da, mega 20 ke nan. Ka saurare ta sau goma ta intanet, ka biya mega 200 a kan abu guda. Wane manomi ne zai riƙa sayen tiya ɗaya ta gero sau goma?

Wani zai ce, to ai mu dama ba mu dogara da intanet ba, katin memori muke da shi. Wannan ya fi na farko hankali, amma shi ma yana kan gaɓar rijiya. Ba na raina katin memori. Ta hanyarsa da Bluetooth ne waƙoƙin Mdou Moctar suka bazu a Sahara tun kafin duniya ta san shi, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi na cikin wayoyi ya fitar da faifai a 2011. Sai dai kati abin yawo da waƙa ne, bai dace da ajiyar shekaru ba. Zafi yana lalata shi, ya kuma mutu ba sallama. Kasuwa cike take da na jabu, wanda aka rubuta masa giga 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, kana zuba sabo yana haɗiye tsoho. Ni kaina na taɓa kai kati wani shagon turi, ya dawo da cutar kwamfuta da ta ɓoye duk jakunkunan da ke ciki. Mafi muni kuma shi ne abin da ake yi wa waƙar kanta: a goge sunan mawaƙi a bar lamba kawai, ko mai shago ya liƙa muryarsa a tsakiyar waƙa yana tallar shagonsa da lambar wayarsa. Bayan turi goma, babu wanda ya san mai waƙar, balle shekarar da aka yi ta ko wanda aka yi wa.

Abin da nake kira gare shi tsohon abu ne a wurinmu: rumbu. Masana kwamfuta suna ce masa saba, wato na'ura guda da ke zaune wuri ɗaya riƙe da ainihin kayan, sauran wayoyi su zo su ɗiba. Ba sai an sayi wani abin a-zo-a-gani ba. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da allonta ya tsage ta isa, kuma batirinta na riƙe ta in wuta ta ɗauke. Akwai kuma ƴar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, girman tafin hannu, wadda wutar da take sha ba ta kai wat 10 ba, faifan hasken rana ƙarami da batir sun ɗauke ta. Faifan ajiya mai tera ɗaya yana ɗaukar sauti na kusan awa 16,000. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: wifi daban, intanet daban. Duk wanda ya taɓa tura fim da Xender ya riga ya ga waya biyu suna magana ba tare da an ci masa ko mega ɗaya ba. Haka rumbun yake aiki a tsakar gida.

Saura zaɓen manhajar da za ta kula da rumbun, kuma a nan ne nake da ja da ƴan'uwana masu ilimin kwamfuta, waɗanda ke kwaso shawarar da aka rubuta don mazauna Faransa su sauke mana ita ɗungurungum. Ni tambaya uku nake yi wa kowace manhaja. Shin tana aiki ranar da babu rezo? Shin sai na yi rajista a wurin wani kamfani kafin in buɗe kayana? Shin in na cire ta gobe, waƙoƙina suna nan yadda na ajiye su, a jakunkunansu, da sunayensu?

Plex ita ce suka fi yabo, kuma ba shakka tana da kyan gani. Amma an gina ta ne a kan asusun da ke hannun kamfanin a Amurka. Akwai dabarar kewaye wannan a cikin gida, sai dai sai wanda ya sani ya shirya tun kafin rezo ya yanke. Sauke waƙa cikin waya don saurare a hanya kuwa sai mai biyan kuɗi, kuma a 2025 kamfanin ya mayar da kallon bidiyonka daga nesa abin biya. Rumbun da makullinsa ke aljihun wani, me ya raba shi da hayar da muka gudo? Jellyfin ta fi ta mutunci: kyauta ce, ba ta neman rajista, cikinta a buɗe yake ga kowa ya duba. An fara ta ne a ƙarshen 2018, lokacin da masu manhajar Emby suka rufe nasu cikin, wasu suka ɗauki na ƙarshen da ke buɗe suka ci gaba da shi. Wanda ke son haɗa finafinai da waƙoƙi wuri guda, ita ta dace da shi, ko da yake tana son na'ura mai ɗan ƙarfi.

Ga mai son sauti kawai, Navidrome nake zaɓa, kuma ita ke kan tsohuwar kwamfutar da ke ɗakina. Ba ta da nauyi. Karanta fayilolinka take yi, ba ta taɓa su, ba ta canza musu suna. Kowa a gida yana iya samun nasa shiga da nasa jerin waƙoƙi, uwargida da nata, samari da nasu. Tana kuma jin yaren Subsonic, wanda manhajojin waya da dama ke ji, irin su Ultrasonic, don haka kana iya sauke abin da kake so cikin waya da dare, da safe ka tafi gona ko kasuwar Maigatari ranar Alhamis kana saurare ba rezo.

Don daidaita kaya tsakanin na'ura biyu kuwa akwai Syncthing, wadda ke kwafe jaka daga wannan zuwa waccan duk lokacin da suka haɗu a wifi ɗaya. Gargaɗi biyu a kanta. Na farko, daidaitawa ba ajiya ba ce: in yaro ya goge waƙa a waya, za ta iya gogewa a rumbun, sai fa in an saita jakar rumbun a kan ta riƙa aikawa kawai. Na biyu, masu ita sun daina fitar da manhajarta ta Android a ƙarshen 2024, amma da yake cikinta a buɗe yake, wasu suka ci gaba da reshenta. Da ta kamfani ce mai rufaffen ciki, da shi ke nan an yi jana'iza. Duk da haka rumbu ɗaya ba ya isa, gobara da ɓarawo da ruwan sama ba su san manhaja ba. Ka yi kwafi uku, ɗaya daga ciki a faifan da ke kwana a wani gida, in da hali a wani gari.

Na san abin da za a ce. Za a ce talakan da ke neman na cefane ina shi ina kwamfuta? Gaskiya ne, kuma ban ce kowane gida ya yi ba. Rumbun tsimi na gari ma ba kowa ke gina nasa ba. Makaranta guda, ko gidan rediyon al'umma, ko ƙungiyar samari, ko mai shagon cajin waya da ya riga ya mallaki faifan rana da kwamfuta, ɗaya ya isa unguwa. Za a kuma ce wannan satar fasaha ce. Amsata ita ce mawaƙin da ke raye yana sayar da waƙarsa, a saya a biya shi, kuma akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA, don wannan. Amma kaset ɗin da aka ɗauka a bikin kakanka shekara arba'in da suka wuce, wanda zarensa ke ruɓewa, barinsa ya mutu ba ya ƙara wa magadan makaɗin ko dala. Rubuta sunansa a kai ma shi ne matakin farko na ba shi haƙƙinsa. Wanda kuma ba ya sauraren kiɗa saboda addini, ban ja da shi ba, sai dai ya tuna tafsirin malamin garinsu da karatun tsofaffin alarammomi a irin wannan katin suke, kuma irin wannan mutuwar ke jiran su.

Babban aikin ma ba na na'ura ba ne. Manhaja ba ta san Ɗan Alalo ba, abin da ka rubuta a jikin fayil shi take nunawa. Dole wani ya zauna da dattijo, a kunna waƙa, a tambaye shi: wane ne wannan, ɗan wane gari ne, wa yake yi wa, zamanin wane sarki? A rubuta nan take. Wannan aikin malaman makaranta ne, mu da aka koya wa riƙe rajista tun muna makarantar horon malamai. Marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Tesker a nan jihar Zinder, malamin makaranta ne kafin ya shahara da kiɗa, kuma shi ne ya tafi bakin Tafkin Cadi ya koyi kiɗan biram na Buduma a hannun tsohon da ya rage, ya ɗauke shi a faifai kafin rasuwarsa a 2018. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, akwai kuma taskar gidan rediyon Muryar Sahel, amma Yamai tana da nisa, kuma ba za su zo su buɗe akwatin kakarka ba.

Don haka abokan aikina na Mallawa da Dungas da Magarya, hutun damina yana zuwa kowace shekara. A nemo rediyo mai kaset da ke aiki tun kafin masu gyaransa su ƙare, a haɗa shi da kwamfuta da ƴar igiya, a fara da kaset goma na gidanku. Dattawan da za su iya faɗa mana sunayen masu muryoyin suna raguwa kowace shekara, kuma ranar da na ƙarshensu ya tafi, ko mun ceci sautin, mun rasa mai shi. Allah ya ba mu ikon yi tun da sauran lokaci.