JIRGIN ƘASA KO NA SAMA: INA RABON TALAKAN ƘAURA?

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ɗakunan kwananmu da gindin bishiyoyin wannan jami'a, watau tsakanin jirgin ƙasa da jirgin sama wanne ya fi sauƙin kuɗi, wanne kuma ya fi kyautata wa fasinja. Masu goyon bayan na sama sukan ce zamanin reluwe ya wuce, wai kayan Turawan mulki ne, a bar shi ya bi dalar gyaɗa. Ni kuwa na ce ba su san dawan garin ba. Kusan duk mai wannan magana daga Abuja ko Kano ko Ikko yake fara lissafinsa, inda filin jirgi ke bakin ƙofarsa. Ni zan fara nawa daga Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, domin wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

Da farko bari mu waiwayi baya kaɗan, tun da an ce waiwaye adon tafiya. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Daga baya aka ja wani reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar fiye da kilomita 200. Kowa ya san ba don ƙaunarmu Bature ya shimfiɗa shi ba, gyaɗa da auduga da fatu yake nema. Amma duk da haka mutanenmu sun ci moriyarsa. Fatake daga Shinkafi da Isa da Zurmi da Moriki sukan kawo kaya Ƙaura bisa jakuna da raƙuma, su koma da gishiri da atamfa da goro. Baƙi daga kudu suka zo suka zauna, garin ya bunƙasa. A 1964 jiragen ƙasan Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. Shekara goma bayan nan adadin ya faɗi ƙasa da rabin haka, saboda hankalin hukuma ya koma kan titin mota da kuɗin man fetur. Har ƙwararru aka ɗauko daga Indiya a 1979 su riƙe Hukumar Jiragen Ƙasa, suka yi 'yan shekarunsu suka tafi, ciwo ya dawo. Tashar Ƙaura ta daɗe ba ta ga jirgin fasinjan da mutum zai dogara da zuwansa ba.

To, mu zo ga maganar kuɗi, mu auna da mudu ɗaya a shekara ɗaya. A watan Fabrairu na 2022 kamfanonin jiragen sama na cikin gida suka mai da mafi ƙarancin kuɗin tikiti naira 50,000, zuwa kawai ban da dawowa. A watan Disamba na wannan shekara kujerar talaka a jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 186, naira 3,600 ce. Wani zai ce ai tafiyar jirgin sama ta fi nisa. Na yarda. A ninka kuɗin jirgin ƙasan sau uku, bai kai rubu'in na sama ba. A lokacin nan kuwa mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, watau masinja ko leburan hukuma sai ya haɗa albashin wata guda da rabin wani, ya ƙara da bashi, kafin ya taka matakalar jirgin sama sau ɗaya. Da aka ɗaga albashin zuwa naira 70,000 a 2024, kafin shekarar ta ƙare tikitin ya haura naira 100,000. Kura na gudu, ɗan akuya na bin ta da ƙafa uku.

Wannan tsada kuwa tana da tushe. Man jirgin sama da kayan gyaransa da kuɗin hayarsa da inshora, yawancinsu da dala ake biya, don haka duk ranar da naira ta faɗi tikiti sai ya tashi. Jirgin ƙasa kuwa kai ɗaya ke jan taragu masu yawa bisa ƙarfe mai santsi, kuɗin mai ya rabu a kan ɗaruruwan mutane da kayansu.

Sa'an nan akwai lissafin da masu gardama ba sa yi. Babu filin jirgin fasinja a Ƙaura, babu a Shinkafi, babu a Zurmi. Ɗalibin Zurmi da zai je Ikko ta sama dole ya fara shiga mota zuwa babban birni, bisa hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki. Sau da yawa sai ya kwana, ya biya masauki, ya biya tasi zuwa filin jirgi, ya isa tun da sauran lokaci mai tsawo. Tafiyar da aka ce masa ta sa'a ɗaya da rabi ce, in an lissafa daga ƙofar gidansu ta cinye yini biyu. Saurin jirgin sama gaskiya ne, amma saurin mutumin birni ne.

Mu dawo ga kyautata wa fasinja. Ban musa ba, cikin jirgin sama akwai sanyi da tsabta da ma'aikata masu fara'a. Sai dai ina tambaya, mene ne kyautatawa a wurin matar da za ta kai majinyaci asibitin koyarwa na Shika? Mene ne kyautatawa a wurin ɗan kasuwar da ya sayi albasa da wake a kasuwar Alhamis ta Shinkafi? Jirgin sama zai yarje masa kilo 20 ko abin da ya yi kusa da haka, alhali buhun hatsi ɗaya kilo 100 ne. Jirgin sama ba ya tsayawa Tsafe, ba ya tsayawa Funtuwa. Daga birni yake tashi ya sauka birni, duk garuruwan da ke tsakani sai dai su ɗaga kai su ji ƙara. Jirgin ƙasa kuwa kowace tasha kasuwa ce, mai fura da mai tsire da ɗan dako duk suna samun na tuwo. Ga kuma jinkiri da soke tashi, waɗanda suka zama abin kuka kullum a filayen jiragenmu, har mutum ya biya kuɗin gaggawa ya wuni a kan benci.

Na san abin da abokan gardamata za su jefo mini, kuma ba zan kauce ba. Za su ce tsohon jirgin Ikko zuwa Kano, wanda aka farfaɗo da shi a ƙarshen 2012, yakan shafe fiye da sa'a 30 a hanya. Za su tuna mini da masu ɓoye tikiti su sayar a bayan fage, da jirgin Abuja zuwa Kaduna da ya sauka daga kan dogo a watan Agusta na 2025. Mafi zafi, za su ambaci daren 28 ga Maris 2022, lokacin da 'yan bindiga suka tare wannan jirgi, suka kashe mutane, suka tafi da fiye da 60 daji, aka dakatar da zirga-zirga har watan Disamba. Duk gaskiya ne, Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Amma ku tuna, kwana biyu kafin wannan hari an kai wani a filin jirgin saman Kaduna, aka kashe mai gadi. Rashin tsaro bai san dogo ba, bai san fili ba. Sauran laifuffukan kuwa na masu riƙo ne. Kamfanin Nigeria Airways ma ya durƙushe a 2003 saboda bashi da rashin iya riƙo, ban ji wanda ya ce a daina tashi sama ba. In rijiya ta cika da ƙasa yashe ta ake yi.

Masu cewa reluwe tsohon yayi ne su leƙa waje. Maroko, ƙasar Afirka kamar tamu, ta buɗe jirgi mai gudun tsiya a 2018, ya mai da tafiyar Tanja zuwa Kasabalanka sa'a biyu da 'yan mintoci, bayan da tana cin kusan sa'a biyar. Faransa kuwa a 2023 ta hana wasu gajerun tafiye-tafiyen sama inda jirgin ƙasa ke kai mutum cikin sa'a biyu da rabi. Waɗanda suke ƙera jirgin saman ke nan.

A 2024 gwamnatin Jihar Zamfara ta ƙaddamar da aikin filin jirgin sama a Gusau. Ban ƙi ba, alhazanmu sun sha wahalar zuwa Sakkwato, masu zuba jari ma suna son inda za su sauka. Abin da na ƙi shi ne a ce da wannan an biya bukatar sufurin jiha. Mutum nawa ne a Ƙwashabawa ko Badarawa za su sayi tikiti a shekara? Da can gwamnoni suna da hujjar cewa reluwe na Gwamnatin Tarayya ne ita kaɗai. Wannan hujja ta faɗi a watan Maris na 2023, lokacin da aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa.

Saboda haka ga abin da nake kira a kai. Na ɗaya, a gyara layin Zariya zuwa Ƙaura, a sa jirgin fasinja da na kaya mai rana da lokaci sanannu, da jami'an tsaro a ciki da kan hanya. Na biyu, tun da an aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a 2021, kuma ta Jibiya zai bi, wakilanmu su nemi a ja reshe daga Jibiya ta Zurmi zuwa Ƙaura. Na san faɗin dogon ba ɗaya ba ne, tsohon ya fi sabon ƙunci, amma ko sauya jirgi aka riƙa yi a Ƙaura riba ce, tasharmu ta tashi daga matuƙa ta zama mahaɗa. Na uku, mu ɗalibai, musamman 'yan'uwanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, mu riƙa yi wa duk mai neman ƙuri'armu tambaya ɗaya: yaushe jirgi zai dawo?

Malamaina, ku kuka koya mana cewa a auna ci gaba da abin da ya isa hannun mafi yawan jama'a. Da wannan ma'auni na auna, jirgin ƙasa ya rinjaya a kuɗi, ya rinjaya a amfani. Wanda ke da ja, filin wannan mujalla a buɗe yake, sai dai ina roƙonsa ya fara lissafinsa daga tashar motar Zurmi. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu ji kukan jirgi a Ƙaura da kunnuwanmu. Haza wasalam.