Hawainiya ta kwanta ciwo a Sukra, ina likitanta?

Duk wanda ya ji an ce ana neman likitan hawainiya a garin Sabha, abin da zai fara yi shi ne dariya, domin a wajenmu hawainiya aba ce da muke gani a kan reshe a bayan gari lokacin damina, ko kuma busasshiya a shimfiɗar 'yan magori. To amma zamani ya zo da tasa. A yau akwai shagunan da ke sayar da tsuntsayen ado da kifin kwalba da kunkuru da hawainiya, mutane na saye da kuɗi mai kauri su kai gida don yara. Tunda abu ya zama haja, to ya zama maganar 'yan kasuwa ke nan, musamman mu da muke kai kaya daga Kano da Maraɗi da Damagaram, mu bi ta Agadas da Dirku da Tummo da Gatrun har mu sauke a Sabha, babban birnin Fazzan.

Mu ɗauki misalin magidanci a unguwar Sukra da ya sayi hawainiya a shago. Makon farko tana cin fara, tana rikiɗa, yara na murna. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ta daina cin abinci, ta rufe ido da rana tsaka, ta sauko daga reshe ta kwanta a ƙasan akwati. Ƙofofi uku ne a gabansa. Ya koma wa mai shago, shi kuwa ya riga ya karɓi kuɗinsa, abin da zai ce shi ne lafiya lau ta bar hannunsa. Ya je wajen mai sayar da maganin dabbobi, a miƙo masa abin da ake bai wa kaji. Ko kuma ya nemi likitan dabbobi, wanda mutanen nan ke kira baiɗari, ya tarar da mutumin kirki wanda aikinsa na yau da kullum raƙumi ne da tunkiya da akuya. A mafi yawan lokaci kafin a gama wannan zagaye dabbar ta mutu.

Ba laifin likitocin ba ne. Idan muka duba tarihi za mu ga cewa aikin likitan dabbobi a ƙasashenmu an gina shi ne a kan dukiyar makiyayi. Cibiyar bincike ta Bom da ke kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, yaƙi da cutar bushiya ne ya haife ta, cutar da sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya. Tsangayar koyon likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da aka buɗe a 1964, da makarantar haɗin gwiwa ta Dakar da aka kafa a 1968 inda likitocin Nijar da yawa suka yi karatu, duk hankalinsu ya fi karkata ga shanu da tumaki da awaki da raƙuma da kaji, kuma haka ya dace, domin da su ake ci ake sha. A Libiya ma tsofaffin tsangayoyin suna can gaɓar teku, a Jami'ar Turabulus da Jami'ar Umar Mukhtar ta birnin Baida. Daga Sabha zuwa Turabulus kuwa tafiyar sama da kilomita 700 ce. Ko a Turai da Amurka, duba dabbobi masu rarrafe ƙwarewa ce ta daban da likita ke ƙara nema bayan ya gama karatunsa.

Wani abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, yawancin ciwon hawainiyar gida daga riƙo yake fitowa. Akwai nau'in hawainiya fiye da 200 a duniya, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska suke. Wadda aka fi sayarwa a shagunan duniya ita ce mai doguwar hula a ka, asalinta daga duwatsun Yaman da kudancin Saudiyya. Mafi yawansu dai 'yan kan bishiya ne, kuma yawancinsu ba su san shan ruwa a kwano ba, raɓa da ɗigon ruwa a kan ganye suke lasa. Saboda haka mutum zai ajiye mata kwano cike da ruwa, ita kuwa tana mutuwa da ƙishirwa a gefensa. A gari irin Sabha, inda zafin bazara ke wuce digiri 40 kuma iskar a bushe take, sannan ga na'urar sanyaya ɗaki da ke ƙara busar da ita, dole a riƙa fesa ruwa a ganyen kejinta safe da yamma.

Na biyu, hasken rana. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, da shi jikin hawainiya ke haɗa bitamin D, wanda in babu shi sinadarin kalsiyam ba ya shiga ƙashi. Gilashin taga yana tare wannan sashe. Shi ya sa hawainiyar da aka ajiye a falo cikin akwatin gilashi ƙasusuwanta ke laushi sannu a hankali, ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi taushi har ta kasa kama abinci. Idan kuma aka ce bari a gyara, aka fitar da akwatin gilashin cikin ranar Fazzan, to an sa ta a tanda ne. Abin da take bukata shi ne kejin waya mai shan iska, da rassa da ganye, da ranar hantsi, da inuwar da za ta fake idan ta ji zafi. Abincinta ƙwari ne masu rai irin su fara da gyare, waɗanda ba a kamo daga gonar da aka yi wa feshi ba. Ba ta son zama da 'yar uwarta a keji ɗaya, ba ta kuma son yawan ɗauka a hannu. Tamatar kan yi ƙwai ko babu namiji, in ba ta sami yashi mai danshi da za ta tona ba, ƙwan na iya maƙale mata a ciki ya kashe ta.

Alamomin ciwo kuwa ba su da wuyar ganewa ga wanda aka faɗa wa. Hawainiya mai lafiya ba ta barci da rana, idanunta a cike suke suna juyawa, kuma riƙonta a reshe da ƙarfi yake. Idan ido ya zurma, ko launinta ya yi duhu ya ƙi canzawa, ko tana buɗe baki da majina, ko farin da ke fita tare da kashinta ya koma ruwan lemo, to lokaci ya fara ƙurewa. Dabbobi irin wannan suna ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsu, don haka ranar da aka lura ranar ya kamata a nemi likita.

A nan ne babban haɗarin yake, domin al'adarmu ita ce mu fara da kantin magani. Mu yi lissafi irin na kasuwa. Rago mai kyau zai kai kilo 40, hawainiya kuwa ba ta fi giram 100 zuwa 200 ba. Wato rago ɗaya ya ninka ƙaramar hawainiya sau 400 a nauyi. Magani kuwa da nauyin jiki ake auna shi. Wace allura ce a shagon maganin dabbobi za ta auna kashi ɗaya cikin 400 na abin da ake yi wa rago? Bugu da ƙari, akwai magungunan da ke warkar da wata dabba su hallaka wata. Ivomec da muke yi wa tumaki da raƙuma don tsutsar ciki da ƙazuwa, likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa yana shanye jikin kunkuru ya kashe shi. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma suna lalata ƙodar dabbar da ruwan jikinta ya riga ya ƙare. Kuma ai babu allurar da za ta maye gurbin rana da raɓa.

To yaya za a gane likitan da ya cancanta? Da farko a bambanta tsakanin mai sayar da magani, da malamin dabbobi mai yin allurar rigakafi, da cikakken likita mai digiri da rajista. Kowa da amfaninsa, amma ba matsayinsu ɗaya ba. A Najeriya akwai Majalisar Likitocin Dabbobi da ke riƙe da rajistar masu izinin aiki, kuma ba rashin kunya ba ne mutum ya tambayi likita inda ya yi karatu. Sannan a tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa duba dabba mai rarrafe. Wanda ya ce bai taɓa ba amma zai bincika ya tuntuɓi abokan aikinsa, ya fi wanda ya jawo sirinji tun kafin ya ɗora ta a kan sikeli. Likita na gari zai fara da tambayar yadda ake riƙon ta: me take ci, yaya take shan ruwa, tana ganin rana ko ba ta gani. Zai auna ta da ƙaramin sikeli irin na masu zinariya, zai kuma so ya duba kashinta a madubin likita, don haka a tafi masa da sabon kashi a leda da hoton kejin. A yau da waya a hannun kowa, likitan da ke Sabha na iya tura hoto ta WhatsApp ga malaminsa a Turabulus, kamar yadda na Jibiya ko Illela zai iya tuntuɓar asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likita da likita su yi shawara, hakan ya fi mai dabba ya kwaso magani daga intanet.

Yanzu sai mu juyo ga kanmu 'yan kasuwa. Wanda aka ba saƙon hawainiya ko kunkuru ko aku a cikin kwali ya tsallaka da su iyaka, ya sani cewa ba buhun citta ya ɗauko ba. Akwai yarjejeniyar duniya ta CITES da aka sa wa hannu a Washinton a 1973. Najeriya da Nijar suna cikinta tun 1975, Libiya ta shiga a 2003. A ƙarƙashinta, irin hawainiyar da ke dazukanmu da waɗanda ake sayarwa a shago ba sa tsallaka iyaka sai da takardar izinin fitarwa. Babban kunkurun Sahel an hana fitar da wanda aka kamo daga daji don ciniki tun shekarar 2000, aku mai jar wutsiya kuma an haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe daga 2017. Najeriya ta kafa tata dokar a 1985, aka tsananta hukuncinta a 2016. Kwali ɗaya na iya jawo a tsare mota da kayan mutum goma a shinge. Ga kuma asara, domin kwanakin da ake yi a hamada cikin zafi ba ruwa, kaɗan ne daga irin waɗannan dabbobi ke kaiwa da sauran lafiya, wanda ya kai ma sau da yawa a hannun mai saye yake ƙarasawa. Wanda ya saya sau ɗaya ya yi asara ba zai dawo ba, kuma sunan Bahaushe ne ke ɓaci a kasuwar.

Mun san wani zai ce, mutane ma ba su sami likita ba, wa ke ta hawainiya? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar yaro a kai ƙadangare asibiti ba. Sai dai lafiyar dabba da ta mutum a kwano ɗaya suke ci. Hawainiya ba ta da dafi kamar yadda wasu ke zato, amma dabbobi masu rarrafe kan ɗauki ƙwayar salmonela a kashinsu, wadda ke sa gudawa da zazzaɓi, ta fi kuma tsanani ga ƙananan yara. Saboda ita Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru a 1975. A 2003 gafiya da wasu ɓeraye da aka kai Amurka daga Gana don sayarwa a matsayin dabbobin ado suka kai cutar ƙyandar biri, mutane da dama suka kamu. Idan ba a manta ba, murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, ba a daɗe ba ta isa Magarya a Nijar, masu kaji suka tafka asara. A 2016 kuma zazzaɓin da ke kama dabbobi ya tsallaka ga mutane ya kashe makiyaya a yankin Tawa. Likitan da zai duba hawainiyar shago shi ne dai zai lura da cuta a garken da ke shirin hawa mota daga Maigatari.

Don haka muna kira ga masu shagunan dabbobin ado da kada su sayar da abin da ba su san riƙonsa ba, su kuma riƙa haɗa mai saye da lambar likitan da suka yi magana da shi tun farko. Muna kira ga hukumomin kula da lafiyar dabbobi na Libiya da Nijar da Najeriya su sa ido a kan waɗannan shaguna kamar yadda suke sa ido a kara da mahauta, jami'o'i kuma su ba ɗalibai ko da ɗan horo ne a kan dabbobi masu rarrafe da tsuntsayen ado. Shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi su ja kunnen yaransu game da saƙon kwali mai huji. Shi kuwa magidancin da yaro ya matsa wa, kafin ya zaro kuɗi ya fara tambaya wa zai duba ta ranar da ta kwanta. In babu amsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin duk abin da ka rufe a keji alhakin cinsa da shansa da jinyarsa ya hau wuyanka. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.