Hanya Ɗaya Ba Ta Isa Koyar da Lissafi Ba

Ɗaliban ƙaramar sakandare ba iri ɗaya suke fahimtar lissafi ba. Wani yakan gane da zarar an rubuta ƙa'ida a allo. Wani sai ya ga zane, wani kuwa sai ya taɓa abu da hannunsa. Duk da haka, malamai da yawa hanya ɗaya suke bi: su rubuta, yara su kwafa, su haddace.

A ganina, wannan kuskure ne. Yarinyar da ta kasa haɗa 1/2 da 1/4 a takarda, in aka yanka lemo gida huɗu a gabanta, nan take za ta ga amsar 3/4 ce. Ita ce kuma take ba da canji daidai a shagon mahaifiyarta. Yaya za a kira ta daƙiƙiya?

Wasu malamai sukan ce aji ya cika, lokaci kuma kaɗan ne. Gaskiya ne, amma zane a allo da ƙirga murafun kwalba ba sa cin lokaci sosai. Yaron da ya tsani lissafi tun aji ɗaya, da wuya ya ci shi a jarrabawar WAEC, faɗuwar kuma takan rufe masa ƙofar jami'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.