A Sabunta Tsohon Rubutun Kwamfuta, Amma A Hankali

Akwai wani harshen kwamfuta mai suna COBOL da aka ƙago a Amurka a 1959. Har yau bankuna da yawa da shi suke lissafin kuɗin jama'a. Wasu masu rubuta manhaja suna cewa a watsar da shi a sake sabo.

Ni a ganina a sabunta, domin masanansa sun tsufa. A 2020, lokacin annobar korona, sai da gwamnan jihar New Jersey ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL, saboda masu neman tallafin rashin aiki sun fi ƙarfin tsohon tsarin jihar.

Amma fa kada garin gyaran gira a rasa ido. A 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanansa zuwa sabon tsari cikin 'yan kwanaki, sai mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu ta intanet. Tsohon rubutu irin wannan cike yake da ƙa'idodin kasuwanci waɗanda ba a ajiye su a wata takarda ba. Saboda haka a bi shi ɗaki-ɗaki kamar yaɓen gida, ana gwada lissafin sabo da na tsoho, tsofaffin ma'aikatan kuma suna zaune suna dubawa.