A Saya Ko A Bari? Maganar Ƙarin Garanti A Kan Kwamfuta

 A da can, in yarinya za ta tafi makarantar gaba, abin da uwa kan tanada shi ne akwati da bokiti da katifa da ɗan garin kwaki. Yanzu kuwa an sami ƙari a kan jerin, kuma shi ne ya fi duka tsada, watau kwamfuta tafi-da-gidanka. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta fara gwada haka ga masu zama jarrabawa na ƙashin kansu. A jami'a kuwa, rajista da aikin gida da rubutun kammala karatu duk da ita ake yi.

Matsalar ita ce kuɗi. Daga waje ake shigo da waɗannan na'urori, da Dala ake sayo su. Kafin Yuni 2023, lokacin da Babban Banki ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, Dala ɗaya a hukumance tana wajen Naira 460. Zuwa Fabrairu 2024 ta haye 1,500. Farashin kwamfuta ya bi ta, haka ma na kayan gyaranta. Saboda haka uwar da ta kwashe adashinta, ko ta sayar da tumakinta ta saya wa 'yarta, ba za ta iya jure a ce bayan wata goma sha huɗu na'urar ta mutu ba. Masu sayarwa sun san wannan fargaba. Shi ya sa da zarar an gama ciniki sai ki ji an ce, "Hajiya, ba za ki ƙara kaɗan a tsawaita miki garanti ba?" To, kafin ki buɗe jaka, bari mu duba abin da ake sayar miki.

Garanti iri uku ne, kuma galibin rikici daga cakuɗa su yake tasowa. Na farko shi ne na kamfanin da ya ƙera, wanda yake zuwa da sabuwar kwamfuta ba tare da an biya ko kwabo ba. Manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo da Apple sukan ba da shekara ɗaya a kan yawancin kwamfutocinsu. Abin da ya ƙunsa shi ne aibin da ya fito daga masana'anta kawai: ta ƙi tashi haka kurum, ko fuskarta ta ɗauke, ko madannai su daina aiki ba tare da wani ya yi mata komai ba.

Na biyu shi ne ƙarin garanti, wanda ake biya. Shi wa'adi kawai yake tsawaitawa, ya mayar da shekara ɗaya ta zama biyu ko uku, amma sharuɗɗan suna nan yadda suke. Na uku kuwa shi ne na tsautsayi, wanda ya fi kama da inshora. Shi ne yake ɗaukar nauyin faɗuwa ƙasa, da zubewar ruwa ko shayi a kanta, da fashewar gilashi, kuma a tsarin wasu kamfanoni har da ƙonewa sakamakon wuta mai ƙarfi.

Yanzu kowacce ta tambayi kanta, me ya fi kashe kwamfuta a gidajenmu? Ƙaramin yaro ya ja waya ta faɗo daga kan gado. Kunu ya kife a kanta. An kawo wuta da ƙarfi bayan an daɗe da ɗaukewa, ko janareta ya yi ta hawa da sauka. Ƙurar hunturu ta toshe mata hanyar iska har ta yi zafi. Faɗuwa da ruwa da ƙonewar wuta ba sa cikin garanti na farko, ba sa cikin na biyu. Sata ma haka, galibi ko na uku ba ya biyanta. Shi kuwa batir, wanda ya fi komai saurin gajiya, yawanci shekara ɗaya ce iyakarsa ko da an tsawaita wa sauran jikin, sai in an saya masa nasa dabam. Ke nan mace tana iya biyan kuɗi masu yawa, ranar da abu ya faru a nuna mata wani layi a takarda a ce ba ya ciki.

Akwai kuma abin da doka ta ba mu kyauta, wanda da yawanmu ba mu sani ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ce in kaya suka fito da aibi, mai saye yana da ikon mayar da su cikin wata uku, shi kuma mai sayarwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya dawo da kuɗi. Rubutun nan da akan buga a ƙasan rasit cewa in an saya ba a dawowa, bai fi ƙarfin doka ba. A ƙasashen Tarayyar Turai ma shekara biyu cur doka ta ba mai saye. Saboda haka kada wani ya sayar miki da abin da tun asali naki ne.

Sai mu zo kan lissafi. Aibin masana'anta yakan bayyana da wuri, a watannin farko, lokacin da garantin kyauta yake aiki. Lalacewar tsufa kuma sai an yi shekaru take zuwa, lokacin da ƙarin ya riga ya ƙare. Shekarun tsakiya, waɗanda ake sayar mana, su ne na'ura ta fi zama lafiya. Da ba haka ba, da mai sayarwa bai ci riba ba. Alal misali, a ce kwamfuta ta Naira 600,000 ce, aka ce a ƙara 90,000 don shekara biyu. In kika ajiye wannan kuɗin a gefe, zai iya sayen sabon batir ko caja, in kuma ba abin da ya lalace, kuɗinki yana hannunki. Amma in kwamfutar mai tsadar gaske ce, irin siraran nan na yanzu da aka like kayan cikinsu a kan faranti ɗaya, inda abu guda in ya mutu sai an sake farantin duka, to a nan ƙarin yana iya zama alheri.

Ga masu sayen ta hannu, wadda ake kira 'yar Beljiyam, maganar dabam ce. Yawancinsu garantin kamfani ya daɗe da ƙarewa, abin da ya rage shi ne alkawarin mai shago, shi kuma ƙarfinsa bai wuce zaman shagon a wurin ba. Har ila yau, ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba. Tsofaffin kwamfutoci da yawa, musamman waɗanda aka ƙera kafin 2018, ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Za su ci gaba da tashi, amma ƙofarsu a buɗe take ga ɓarayin intanet, kuma ba garantin da yake maganin wannan. In kika ga araha ta yi yawa, ki tuna araha ba ta ado.

Ga abubuwan da ya kamata a tambaya kafin a biya. Wa zai yi gyaran, kamfanin ne ko shagon? A wane gari, kuma wa zai biya kuɗin kai ta? Garantin yana aiki a Nijeriya, ko na ƙasar da aka sayo ta ne? Wa'adin ƙarin daga ranar saye zai fara, ko bayan shekarar farko? Wannan tana da muhimmanci, domin "shekara uku" sau da yawa har da shekarar kyauta ake ƙirgawa. Sa'an nan a juya kwamfutar, a kwafi lambarta da ke manne a ƙasa, a shigar a shafin kamfanin na intanet. Nan take zai nuna ranar da garanti ya fara da ranar da zai ƙare. In aka ce sabuwa ce amma shafin ya nuna ta ci wata takwas, to ki san da magana. A tabbata an rubuta wannan lamba a kan rasit, a ɗauki hotonsa a waya, domin tawadar rasit tana gogewa. Ba dole kuma a yanke shawara a tsaye ba, don kamfanoni da dama sukan yarda a sayi ƙarin daga baya, muddin garantin farko bai ƙare ba.

Ra'ayinmu a nan shi ne, ga kwamfuta matsakaiciya, na'urar daidaita wuta mai kyau da jaka mai kauri sun fi ƙarin garanti amfani. In kuwa za a biya, gara na tsautsayi, daga kamfanin kansa, a rubuce.

Ku kuma 'yan makaranta, ku tuna da gumin da aka yi kafin a saya muku. Kada a ci abinci a kanta, kada a ɗora ta kan katifa tana aiki, a cire ta daga soket in an ɗauke wuta. Kada a kai wa mai gyaran bakin titi ya buɗe ta alhali tana cikin wa'adi, domin duk ɓarnar da ya yi kamfani ba zai ɗauka ba. Ku riƙa adana aikinku a wani wuri dabam, don ko an musanya miki sabuwa, ba wanda zai dawo miki da rubutun wata shida. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mun sake saduwa.