Haɗakar Jarumai: Tambayar Wani Yaro A Ƙanƙara

Da hutun Babbar Sallar da ta gabata na je Ƙanƙara gaishe da gwaggona. Bayan La'asar na fito zaure, sai na tarar da yara shida sun haɗa kai a kan waya guda, suna kallon fim ɗin Avengers da aka ɗora wa fassarar Hausa. Can sai ƙaraminsu, wanda iyayensa suka yi gudun hijira daga wani ƙauye na Faskari, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, in sun gama can, ba za su zo dajinmu ba?" Sauran suka fashe da dariya. Ni kam ban iya dariya ba.

Domin mai karatu da bai saba da irin waɗannan labarai ba, asalinsu littattafan labari cikin zane ne na Amurka, inda kowane jarumi ke da mujallarsa da baiwarsa. A 1940, a fitowa ta 3 ta mujallar All Star Comics, aka fara tara irin waɗannan jarumai cikin ƙungiya guda. A 1963 Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro Avengers a kamfanin Marvel. A 1976 kuma Marvel da abokin hamayyarsa DC suka amince Superman da Spider-Man su haɗu a littafi ɗaya. Har ma a 2010 aka haɗa ƙungiyar Justice League da jaruman The 99, waɗanda Naif Al-Mutawa ɗan Kuwait ya ƙirƙira bisa al'adun Musulmi. Ba na musun cewa neman kasuwa ne tushen abin, don mai son wannan jarumi zai sayi littafin, mai son wancan ma haka.

Sai dai akwai wani tsari da yake yawan maimaituwa a labaran, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kafin jarumai su haɗa kai, sai sun gwabza da juna tukuna, saboda wani makiri ya shiga tsakaninsu. A fitowar farko ta Avengers, Loki ne ya ƙulla makircin da ya sa aka zargi Hulk da ɓarnar hanyar jirgin ƙasa, jarumai suka taru don su kama shi, daga baya suka gane wanda ya haɗa wutar. Nasara ba ta zo ba sai da suka gane ainihin abokin gaba.

Duk wanda ya san kudancin Katsina ya san wannan labari ba a takarda kaɗai yake ba. A daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Faskari da Ƙanƙara suna iyaka da Zamfara, Sabuwa tana iyaka da yankin Birnin Gwari na Kaduna, ɗan bindiga kuwa bai san iyakar jiha ba. Amma abin da ya fi zafi shi ne yadda manomi da makiyayi, da suka yi ƙarnoni suna musayar hatsi da nono da taki, suka koma kallon juna da zargi. An sace shanun Bafulatani, an ƙone rumbun Bahaushe, ɗan sa-kai ya huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ramuwa ta biyo baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Oktoban 2023 gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, kuma mataki ne da ya dace, amma bindiga ba ta gyara abin da ya lalace a zukata.

A matsayina na ɗalibin harshe, akwai abin da ke tayar min da hankali. Kalmar jarumi, wadda a da ake ajiye wa wanda ya tsaya a fagen fama, yau in ka furta ta ɗan fim ake fahimta. Barde da sadauki sun koma sunayen sarauta da na littafi. Kachalla kuwa, tsohon laƙabin shugabannin mayaƙa a Borno, yaro ba ya jin sa sai a sunan ƙasurgumin ɗan daji da ke nuna daman kuɗi a TikTok. In harshe ya rasa sunan gwarzon kirki, yaro zai ari na wanda ya gani da ido.

Alhali ba mu rasa jarumai ba. Gasar rubutu ta 1933 ta haifar mana da Ganɗoki na Malam Bello Kagara da Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, na ƙanensa Abubakar Imam. Ahmadu Ingawa, ɗan wannan jiha, ya ba mu Iliya Ɗanmaiƙarfi, wanda ya samo tushensa daga labarin wani sadaukin Rasha, shaidar cewa aro ba laifi ba ne in an iya rinawa. Ga Gizo, ga Sarauniya Amina ta Zazzau. Tatsuniyoyinmu ma sun san haɗaka: mai gani nesa da maharbi da gwanin iyo su taru su ceto yarinya, a ƙarshe a tambayi masu sauraro wa ya fi, a rasa amsa, don ba wanda zai iya shi kaɗai.

Shawarata ga marubuta da masu zane da sassan Hausa na jami'o'inmu ita ce a nemi izinin masu haƙƙin waɗannan littattafai, kamar yadda Marvel da DC suka zauna suka daidaita, a tara jaruman nan a labarin zane guda, cikin Hausa mai tsabta, a kan takarda da kuma waya. Sharaɗina ɗaya ne: a cikin rundunar a sa makiyayi da ya san daji, da manomi, da mace, da malami, kuma kada mugu ya zama wata ƙabila. Mugu shi ne mai haɗa faɗa, mai kai bayani, mai sayar da makami.

Na san wani zai ce zane ba ya tare harsashi. Gaskiya ne, kuma tsaro haƙƙi ne a wuyan hukuma. Amma yaron da ya yi min tambaya, nan da shekara goma shi ne zai zama ɗan sanda ko ɗan sa-kai ko alƙali, kuma da hoton abokin gaban da muka zana masa yau zai yi hukunci. Ban ba shi amsa ba a ranar. Da zan koma, da na ce masa ba mai zuwa daga can, sai wanda ya taso daga nan. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.